Mark Hanna, Attajirin da Ya Mai da Zaɓe Fatauci

Ran 15 ga watan Fabrairu na shekara ta 1904, wani dattijo mai shekara 66 ya rasu a wani masaukin baƙi na birnin Washinton, bayan zazzaɓin taifot ya kwantar da shi. Bai taɓa hawa kujerar shugaban ƙasa ba, bai kuma taɓa riƙe muƙamin minista ba. Duk da haka, wanda ya ke son ya san yadda kuɗi suka sami wurin zama cikin zaɓen ƙasar Amurka, tilas ya bi ta ƙofar wannan mutum. Sunansa Marcus Alonzo Hanna, amma an fi saninsa da Mark Hanna. Shi ne ya ɗauki dabarun ciniki da littafin lissafi da tsarin kamfani, ya kai su fagen neman ƙuri'a. Ya ci zaɓen da ya sa gaba, amma jarida ta shafa masa baƙin da har ya koma ga Mahaliccinsa bai iya wankewa ba.

Ɗan likita, surukin mai gawayi

An haifi Hanna ran 24 ga Satumba 1837 a New Lisbon, wani ƙaramin gari cikin jahar Ohayo. Mahaifinsa Leonard Hanna likita ne wanda ciwo ya raba da aikin magani, ya koma ciniki. A shekara ta 1852 iyalin suka ƙaura zuwa Cleveland, birni mai tasowa a bakin tabkin Erie, inda uban ya shiga cinikin kayan masarufi na sari. A makarantar sakandaren birnin yaron ya yi zamani da John D. Rockefeller, wanda daga baya ya zama sarkin man fetur na Amurka. Karatunsa mai zurfi bai yi nisa ba, domin an sallame shi daga kwalejin Western Reserve saboda wata ƙiriniya ta ɗalibai. Sai ya koma kantin mahaifinsa, ya fara daga ƙasa.

A 1864, ana tsakar yaƙin basasa, ya yi ɗan gajeren aikin soja cikin rundunar da ke tsaron Washinton. Cikin shekarar nan ya auri Charlotte Augusta Rhodes, ɗiyar wani attajiri mai cinikin gawayin ƙasa da ƙarfe. Surukin ɗan jam'iyyar Dimokurat ne, angon kuwa ɗan Rifablikan, saboda haka sai da aka sha fama kafin a ba shi ita. Cinikinsa na farko bai yi albarka ba: matatar mansa ta ƙone, jirginsa na ruwa ya nutse. A 1867 surukin ya jawo shi cikin kamfaninsa, daga nan fa ƙofa ta buɗe. Kafin ya wuce shekara 40 ya zama mai miliyon. Yana da hannu cikin ramukan gawayi, da tama, da jiragen dakon kaya, da taragon fasinja na cikin gari, da banki, har da gidan wasan kwaikwayo.

Ciniki ɗaya ne ya ƙi shi, shi ne na jarida. A 1880 ya sayi jaridar Cleveland Herald, ya yi ta zuba mata kuɗi ba riba, yayin da mai jaridar da ke kishi da ita, Edwin Cowles, ya sa shi gaba da suka dare da rana. A 1885 ya sayar da ita da hasara. Wannan ne karo na farko da ya ɗanɗana kaifin alƙalami, ba kuwa shi ne na ƙarshe ba.

Neman dokin da za a yi sukuwa da shi

Hanna ya yi imani da cewa arzikin ƙasa yana tafiya da arzikin masana'antu, kuma jam'iyyar Rifablikan, mai son a ɗora kuɗin fito mai nauyi bisa kayan waje, ita ce garkuwar masana'antun. Ya san kuma shi kansa ba mai farin jini ba ne a gaban taro. Saboda haka burinsa ya zama ya ga ɗan Ohayo bisa kujerar shugaban ƙasa, shi kuwa yana bayansa. Ya tara kuɗi domin James Garfield a 1880. Ya goyi bayan John Sherman a 1884 da 1888, duka biyu ba a dace ba. Daga nan sai ya juya ga William McKinley.

Haɗuwarsu tana da abin mamaki. A 1876 mahaƙan gawayi suka yi yajin aiki a yankin Massillon, aka yi tarzoma, aka gurfanar da waɗansu gaban alƙali. Hanna yana cikin masu ramukan. McKinley, matashin lauya, shi ya tsaya wa ma'aikatan ba tare da karɓar ko anini ba, ya kuma kuɓutar da su duka sai mutum ɗaya. Maimakon ya riƙe shi a zuci, sai Hanna ya ga mutumin da talaka zai yarda da shi, attajiri kuma ba zai ji tsoronsa ba.

A 1891 McKinley ya ci zaɓen gwamnan Ohayo. Bayan shekara biyu sai masifa ta auka masa: ya tsaya wa wani abokinsa lamuni, abokin ya karye, bashin da ya wuce dalar Amurka 100,000 ya dawo wuyansa. Hanna da waɗansu attajirai suka yi karo-karo suka biya. Abokai suka ce zumunci ne. Abokan gaba kuwa suka ajiye zancen, suna jiran ranar da zai yi musu amfani.

A 1895 Hanna ya bar ragamar kamfani a hannun ƙanensa, ya duƙufa ga siyasa. Ya kama gida a Thomasville cikin jahar Jojiya, ya riƙa gayyatar shugabannin jam'iyya na kudancin ƙasar, baƙaƙe da farare, su zo su gana da McKinley. Manyan dillalan jam'iyya na gabas, Thomas Platt na Niyok da Matthew Quay na Pennsylvania, suka nemi a yi musu alkawarin muƙamai kafin su ba da goyon baya. Hanna ya kawo saƙon, McKinley ya ƙi. Wannan ya isa ya nuna cewa ba kullum ne mai jaka ya ke da maganar ƙarshe tsakaninsu ba. Hanna ya kashe wajen dala 100,000 daga aljihunsa, kuma da jam'iyya ta yi babban taronta a Saint Louis cikin watan Yuni 1896, McKinley ya sami tuta tun zagaye na farko.

Zinariya da azurfa

Shekarar nan ƙasar tana cikin ƙunci. Tun 1893 bankuna da kamfanonin jirgin ƙasa suka yi ta karyewa, ma'aikata suka rasa aiki, farashin alkama da auduga ya faɗi. Manoman yamma da kudu bashi ya yi musu kanta. A ganinsu maganin shi ne gwamnati ta buga kuɗin azurfa ba iyaka, bisa ƙimar awo 16 na azurfa daidai da awo 1 na zinariya, domin kuɗi su yawaita, amfanin gona ya yi daraja, bashi ya yi sauƙin biya. Masu banki da masu masana'antu kuwa suna ganin wannan hanya ce ta narkar da dukiyarsu. Cikin watan Yuli jam'iyyar Dimokurat ta taru a Shikago ta tsai da William Jennings Bryan na Nebraska, ɗan shekara 36, mai baki kamar reza, jagoran masu son azurfa. Tsoro ya kama masu kuɗi, kuma wannan tsoron shi ne jarin Hanna.

A nan ya kamata a san inda jam'iyyu su ke samun kuɗi kafin zamaninsa. Da can, duk wanda jam'iyya ta sama wa aikin gwamnati, ana yankar wani abu daga albashinsa domin asusun zaɓe. Bayan wani mai neman muƙami da bai samu ba ya harbe shugaba Garfield a 1881, aka kafa dokar Pendleton a 1883, wadda ta soma toshe wannan rijiya. Jam'iyyu suka juya ga attajirai, amma ba bisa tsari ba: kowa ya ba da abin da ya ga dama, sau da yawa yana jiran a saka masa da wata alfarma.

Hanna, da ya zama shugaban kwamitin jam'iyya na ƙasa, ya mai da roƙon nan ya zama kamar haraji. Ya je Niyok ya zauna da masu banki, ya nuna musu cewa abin da za su bayar kuɗin tsaron dukiyarsu ne. Aka yanka wa bankuna kashi ɗaya cikin 400 na jarinsu. Manyan kamfanoni aka auna ƙarfin kowane aka faɗa masa rabonsa. Kamfanin Standard Oil na Rockefeller, abokin karatunsa, ya ba da dala 250,000. Abin da aka rubuta cikin littafin kwamitin ya kai wajen dala miliyon 3 da rabi. Abin da Bryan ya samu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba, kuma mai yawa daga ciki ya fito ne daga masu ramukan azurfa.

Kashe kuɗin ma bisa tsari aka yi shi. Aka buɗe ofisoshi biyu, ɗaya a Niyok domin tarawa, ɗaya a Shikago domin aiki, inda wani matashi mai suna Charles Dawes ya riƙe lissafi, kowane abu da takardar shaidarsa. Aka buga takardun wayar da kai fiye da miliyon 200, cikin Ingilishi da Jamusanci da Faransanci da Italiyanci da sauran harsunan baƙin da suka zauna ƙasar. Aka aika masu jawabi wajen 1,400 lungu-lungu. Ƙananan jaridun karkara aka riƙa aika musu da labarai shiryayyu, sai bugawa kawai. Aka kuma riƙa bin ra'ayin masu ƙuri'a jaha-jaha, domin a san inda ya kamata a ƙara ƙarfi. Theodore Roosevelt, ɗan jam'iyyarsu, ya kwatanta aikin da tallar magani a kasuwa.

Bryan, da ba shi da abin yi sai muryarsa, ya shiga jirgin ƙasa ya yi tafiyar kilomita wajen 29,000, ya yi jawabi ɗaruruwa. McKinley kuwa ya zauna gidansa a Canton, jama'a suka riƙa zuwa masa kamar masu kai gaisuwa fada. Kamfanonin jirgin ƙasa suka rage kuɗin tafiya, ƙungiya-ƙungiya suna sauka da kaɗe-kaɗe, shi kuma yana fitowa baranda ya yi musu jawabin da aka riga aka tsara, washegari jaridu su watsa. An ƙiyasta mutum 750,000 suka taka ƙofar gidan. Ƴan Dimokurat suka yi ƙorafin cewa waɗansu masu masana'antu suna tsorata ma'aikata da kora idan Bryan ya ci.

Ran 3 ga Nuwamba 1896 aka jefa ƙuri'a, kusan mutum 8 cikin kowane 10 masu ikon zaɓe suka fito. McKinley ya sami ƙuri'a wajen miliyon 7 da dubu 100, Bryan wajen miliyon 6 da rabi. Cikin wakilan jahohi, waɗanda su ne bisa tsarin Amurka su ke naɗa shugaba, McKinley ya sami 271, Bryan 176. Ba kuɗi kaɗai suka kawo wannan ba. Ma'aikacin birni ya ji tsoron tsadar abinci, farashin alkama kuma ya ɗaga gab da zaɓe ya sanyaya fushin waɗansu manoma. Amma kuɗin ne suka kai wannan bayani kunnen kowa. Daga 1897 har 1933, in ban da shekara takwas na Woodrow Wilson, fadar shugaban ƙasa tana hannun Rifablikan.

Rigar dala

Galibin manyan jaridun gabas, har da na Dimokurat, sun juya wa Bryan baya. Wadda ta tsaya masa da ƙarfi ita ce New York Journal ta William Randolph Hearst, wanda dukiyar gidansu daga haƙar ma'adinai ta fito. McKinley mutum ne mai kamun kai, da wuya a sami abin kama shi. Saboda haka jaridar ta auna Hanna. Ta tono zancen bashin 1893, ta ce an sayi ɗan takara tun da wuri. Mai zanen ba'a na jaridar, Homer Davenport, ya riƙa zana Hanna ƙaton mutum mai tumbi, sanye da rigar da aka cika da alamar dala, yana taka ƙoƙon kan ma'aikaci, McKinley kuwa ɗan tsurut a hannunsa kamar ɗiyar tsana.

Zanen ya yi wa Hanna ciwo ƙwarai, domin ba haka ya ɗauki kansa ba. Cikin masu masana'antu na zamaninsa yana daga waɗanda su ke zama da wakilan ma'aikata a yi magana. Herbert Croly, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa a 1912, ya ba da labarin yadda ya mayar da gudummawar waɗanda suka nuna suna jiran sakayya. Sai dai mai zanen, ko da ya yi ƙari game da halin mutumin, ya taɓo tambayar gaskiya. In kamfanoni ne suka biya kuɗin hawan shugaba, ko ba a yi alkawari da baki ba, wa zai fara ji idan bukatarsu ta ci karo da ta talaka? Bakin da ya ci, shi ke godiya.

Cikin Majalisar Dattawa

McKinley ya miƙa masa kujerar ministan gidan waya, ya ƙi. Abin da ya ke so shi ne Majalisar Dattawa. Sai shugaban ya naɗa tsoho John Sherman ministan harkokin waje, kujerarsa ta majalisa ta zama ba kowa, gwamnan Ohayo ya ba Hanna ita cikin watan Maris 1897. A zamanin nan majalisun jahohi ne su ke zaɓen ƴan Majalisar Dattawa, ba jama'a ba. Cikin Janairu 1898 waɗansu ƴan jam'iyyarsa suka haɗa kai da Dimokurat suka tsai da magajin garin Cleveland, Robert McKisson. Hanna ya tsira da ƙuri'a 73, daidai abin da a ke bukata ba ƙari. Aka yi zargin an ba wani ɗan majalisa toshiya, amma kwamitin Majalisar Dattawa bai sami hujjar da za ta sa a raba shi da kujerar ba. Irin wannan zargi, a Ohayo da waɗansu jahohi, yana cikin abin da ya sa a 1913 aka gyara tsarin mulki, zaɓen dattawa ya koma hannun jama'a.

A 1900 ya sake jan ragamar yaƙin zaɓe, McKinley ya sake ka da Bryan. Cikin kakar nan mahaƙan gawayi na Pennsylvania suka yi yaji, Hanna ya matsa wa masu ramuka har suka ƙara albashi da kashi 10 cikin 100. Ya kuma fita da kansa yawon jawabi a jahohin yamma, inda manoma suka yi ta zuwa kallon dodon da suka sani a jarida, suka tarar da dattijo mai raha. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinsa a shekarar: bai so a ba Theodore Roosevelt mataimakin shugaba ba, yana ganin mutum ne marar linzami, amma taron jam'iyya ya tsai da shi. Ran 6 ga Satumba 1901 aka harbi McKinley a Buffalo, ya cika ran 14 ga wata. Hanna ya rasa amini, kuma mutumin da ya ke gudu ya hau mulki.

Bai janye jiki ba. Cikin Yuni 1902, ana gardamar inda za a haƙa mashigin ruwa tsakanin manyan tekuna biyu, ya tsaya gaban majalisa da taswirori yana nuna haɗarin duwatsu masu aman wuta na Nikaraguwa. Jawabin ya taimaka aka karkata ga Panama, inda aka buɗe mashigin a 1914. Ya kuma ba da sauran ƙarfinsa ga wata ƙungiya mai sulhunta ma'aikata da masu masana'antu, National Civic Federation. Waɗansu attajirai suna ta zuga shi ya ƙwace tuta daga hannun Roosevelt a 1904. Cikin Janairu na shekarar majalisar Ohayo ta sake zaɓensa da rinjaye mai yawa, bayan wata ɗaya ajali ya yanke zancen. Aka kai shi Cleveland aka rufe a maƙabartar Lake View. Ɗiyarsa Ruth Hanna McCormick ta gaji siyasarsa, ta ci zaɓen Majalisar Wakilai a 1928.

Abin da ya bari

Bai yi shekara biyu a ƙasa ba aka soma yaƙi da tsarinsa. A 1905 wani bincike a Niyok ya tona cewa kamfanonin inshora sun zuba kuɗin jama'a cikin asusun Rifablikan. Roosevelt, wanda shi ma ya amfana, ya nemi majalisa ta hana. A 1907 dokar Tillman ta haramta wa kamfanoni da bankunan ƙasa ba da gudummawa ga zaɓen tarayya. A 1971 aka yi dokar da ta tilasta bayyana masu bayarwa, a 1974 kuma, bayan abin kunyar Watergate, aka sa iyaka ga gudummawa, aka kafa hukumar da ke sa ido bisa kuɗin zaɓe. Amma ruwa ba ya rasa hanya. A 1976 Kotun Ƙoli ta yanke cewa taƙaita abin da ɗan takara zai kashe tauye ƴancin magana ne. A 2010, cikin shari'ar Citizens United, ta ba kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago damar kashe abin da suka ga dama wajen talla, muddin ba hannun ɗan takara suka miƙa ba. An ƙiyasta zaɓen tarayya na 2020 ya ci fiye da dala miliyon dubu 14.

Ofis mai lissafi, da auna ra'ayin jama'a, da saƙo dabam domin kowane rukunin masu ƙuri'a, da tara kuɗi bisa tsari, duk waɗannan sun zama ruwan dare cikin siyasar Amurka, kuma a 1896 aka fara haɗa su wuri ɗaya. Hanna ya ɗauka cewa abin da ya amfani masu jari zai amfani kowa, saboda haka bai ga aibin su biya kuɗin zaɓe ba. Ƴan ƙasarsa sun shafe fiye da shekara ɗari suna gardama bisa wannan, dokoki suna ɗaurewa, kotuna suna kwancewa. A Cleveland an kafa masa mutum-mutumi na tagulla, yana zaune bisa kujera cikin natsuwa irin ta dattijon arziki. Amma a littattafan tarihin Amurka, siffar da aka fi bugawa ita ce ta Davenport, mai rigar dala.